Fararen Duwatsun Saude Mai Gammo

Sau ɗaya na taɓa ganin an kada Saude a shari'a, shi ma jaki ne ya jawo mata.

Ranar kasuwar Garhanga ce. Kalla, ɗan kawunta, wato tobashinta, ya dawo kan jakinsa da la'asar, ya sha sabuwar riga shuɗiya, ya rungumo ƙwaryar man shanu a cinya kamar jaririn da anka haifa jiya. Hanyar da ke gangarowa daga tudu zuwa garinmu, Tudun Takawa, ta gefen gayaunar Saude take bi. A makon nan kuwa Saude ta jera duwatsu a gicciye daga wannan gefen gayauna zuwa wancan, don su tare ƙasar da ruwa ke kwashe mata kowace damina, wutsiyar jerin kuma ta ɗan shiga hanya. Jaki ya gangaro da saurinsa, ya hango duwatsu, ya ƙame wuri ɗaya. Kalla bai ƙame ba. Ya bi ta tsakanin kunnuwan jaki, ya yi ta mirgina har sai da jerin ya tare shi. Man shanu ya biyo baya ya same shi.

Anka tafi gaban maigari Idris.

"Ranka shi daɗe," in ji Kalla, mai na ɗiga daga gemunsa, "Allah ya aje dutse bisa tudu. Wa ya aiki matar ga ta sauko da shi?"

Saude ta ce, "Ranka shi daɗe, su biyu sunka taho. Ɗaya ya ga dutse ya tsaya. A tambayi ɗayan mi yake kallo."

"Man shanuna nike kallo!"

"To ai ga shi ka same shi duka, har da na shafawa."

Fada ta kece da dariya, har maigari sai da ya ja rawani ya rufe baki. Amma dariya daban, hukunci daban. Ya ce hanya ta kowa ce, kuma riga ta ɓaci, don haka Saude ta maida kowane dutse inda ta ɗauko shi.

"Har na cikin gayaunata?"

"Har su. Ni ban san inda gayaunarki ta ƙare hanya ta soma ba, ke ma ga alama ba ki sani ba."

Kwana huɗu tana hawa da duwatsu a ka. Kalla ya shimfiɗa tabarma gindin aduwa, ya ɗora shayi, duk wucewar da za ta yi sai ya ɗaga kofi ya ce, "Sannu da aiki, tobashiya. Aje shi a hankali, kar ya farka." Sai ta wuce da dutsenta. Ni da na san ta, na san ajiya ta yi.

Na girme ta da shekara goma, kuma tun ranar da anka kawo ta amarya daga Tabotaki zuwa gidan Baraka katanga ɗaya ce tsakaninmu, saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin rijiya na tsinto shi ba. Saude gajera ce, wuyanta kamar turmi. Kyau kam Allah ya ba ta daidai na zaman gida, bai yi ɓarna ba. Tana da wani gammo na tsumma da ta naɗa tun tana budurwa, ko biki za ta yana soke a ƙugunta, shi ya sa ake ce mata Mai Gammo.

Mazan Adar kun san halinsu. Da an ɗaure gero an sa a rumbu sai su saɓa jaka, wannan Abijan, wannan Legas, wancan Agadas, su bar mu da tsofaffi da awaki da duwatsu. Baraka ma haka yake, sai gab da shuka ya dawo da sabuwar rediyo da tsohon tari. Saude ta haifi bakwai, biyar sunka rayu, kuma gayaunar nan mai tsakuwa ita ta riƙe su a watannin da in ka yi magana cikin rumbu yake amsa maka. Jera dutse wurin kakarta ta koya. Akwai dai wani hali nata da ba wanda ya koya mata. In hadari ya sako ruwa, kowa na gudu ɗaki, ita sai ta kifa ƙwarya a ka ta hau tudu, ta tsaya tana kallon inda ruwa ya taru da inda ya rabu da dutsen da ya kewaye. Mukan ce aljanun ruwa ne sunka aure ta. Ta dawo sharkaf, ta leƙo ta kan katanga ta ce mini, "Nasiba, yau ya sake hanya, ya bi bayan jan dutse." Sai ka ce labarin wani maƙwabci mai yawon banza take ba ni.

Shari'a ba ta hana ta komai ba. Ta jira Kalla ya samu aikin gadi a wani biro, wato ofishin gwamnati, a Keita, ta sake sauko da duwatsunta ɗaya bayan ɗaya. Wannan karo dai ta bar wa jaki hanyarsa.

Abin da ke hana mu sakewa a shekarun nan rijiya ce. Guda ɗaya gare mu mai ruwan daɗi, a ƙasan gari, sauran duk kanwa. Ruwan da ke zubowa daga fakon da ke bisa gari ya haƙa kwazazzabo, kowace damina yana ƙara matsowa. Ina amarya sai ka yi 'yar tafiya daga rijiya kafin ka kai bakinsa. A farkon 1993 taki talatin ya rage, Saude ce ta auna da ƙafarta, ƙafar kuwa gajera ce. In ya ci rijiya, sai dai mu koma ɗebo ruwa daga kwarin Garhanga, tafiyar safe zuwa azahar, kuma kun san kan da tulu zai hau.

A ranin nan ne Hulda ta zo. Lokacin an gama babban taron ƙasa a Yamai, ƙungiyoyi sun tsiro ko'ina kamar ciyawar farkon damina, har masu aski sai da sunka yi tasu. Hulda ɗiyar Filibus ce, Kirista, daga garin asibitin mishan na hanyar Madawa. Ta yi shekaru tana auna jarirai a can, daga baya ta koma aiki da wata ƙaramar ƙungiyar raya karkara. Ta iso kan ɗan babur mai kukan sauro, munka ba ta fura, ta rufe ido ta yi addu'arta. Saude ta jira ta buɗe ido, ta ce, "In ba ki riga kin sallame shi ba, ƙara masa da maganar rijiya. Mu ma muna nan muna ta faɗa masa." Hulda ta yi dariya har fura ta sarƙe ta. Daga ranar sunka ƙulla.

Ita ta yi mana bayanin banki. Ni a sanina banki ɗaki ne mai ƙofar ƙarfe a Tawa. Ashe akwai wani can ƙetaren teku wanda ba mutane yake ba rance ba, ƙasashe ne ke zuwa su cire takalmi a ƙofarsa. Shekara da shekaru da masu kwat kaɗai yake magana. Yanzu, in ji Hulda, ya ce yana son ya ji daga bakin masu ɗaukar tulu. Duk garin da ƙungiyarsa ta nuna aikin hannunta na tare ƙasa, za a aiko masa kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya, da ragar waya da injiniya, a ɗaure manyan duwatsu a toshe kwazazzabo. Amma sai sun gani da ido.

Saude ta ce, "Shi bankin ga yana da ƙafa?"

"Yana da masu zuwa a madadinsa, Inna."

"To su taho. Mu dai mu soma."

Mu arba'in da biyu munka kafa Ƙungiyar Gammo. Anka ba Saude shugabanci ba tare da gardama ba, don kowa ta san shugaba ita za ta ɗauki dutsen da ya fi nauyi. Hulda ta kawo wani siririn tiyo mai ruwa a ciki, da shi ake gane inda ƙasa ta yi daidai don jeri ya kwanta a gicciye sosai. Kafin a warware tiyo Saude ta riga ta ja layi da babban yatsan ƙafa. A auna, a tarar nan ne. Har Hulda ta gaji ta ce a bar tiyon ya huta. Munka jera layi goma sha ɗaya a kan fakon nan, damina biyu ta bi ta kansu, wurin da ko ƙadangare ba ya tsayawa ya soma fid da ciyawa. Kwazazzabo ya rage ci, amma bai ƙoshi ba. Taki ashirin da huɗu ya rage.

Sai ga saƙo a watan biyar na 1995, ana jiran ruwan shuka: mutanen banki za su zo ranar Alhamis. Maza duk sun dawo daga cirani. Kalla ma ya bar gadi ya dawo gida, bayan shekara shida yana buɗe wa motocin manya ƙofa, har da ta sufurefe mai mulkin yankin, yana ganin shi ma rabin sufurefe ne. Saude kuwa ranar Talata ta tafi Tabotaki sunan jikanta, ta ce za ta dawo da sassafen Alhamis.

Kalla ya tara maza a ƙofar maigari. "Ku ba ku san baƙi ba," in ji shi. "Ni na zauna da su. Babban mutum ba ya shiga wuri sai ya ga fararen duwatsu dama da hagu. Barikin soja haka ake, biro haka ake. Garin da babu farin dutse, ko gilashin mota ba a saukewa." Maza sunka gyaɗa kai, wa zai yi musu da wanda ya taɓa riƙe wa sufurefe ƙofa? Sai maganar inda za a samo duwatsu cikin kwana biyu. Hawa tudu a fasa dutse aiki ne. Ga wasu kuwa nan kusa, an zaɓo su, girmansu ɗaya, an ma jera su don sauƙin ɗauka.

"Aro za mu yi," in ji Kalla. "In baƙi sun tahi a maida."

Mu mata muna can gabas da gari muna surfe da daka na abincin baƙi. Mun ji ƙarar amalanke tana kai da kawowa, munka ce lalle maza sun tuna da aiki, Allah ya ɗorar. Kafin mu farga an gama. Daga mararraba har ƙofar maigari duwatsu ne dama da hagu, an shafe su da farar ƙasa, suna ƙyalli kamar haƙoran amarya. Cikinmu babu wadda ta yi ƙarfin halin aikawa Tabotaki.

Da hantsin Alhamis Saude ta sauka daga motar kasuwa a mararraba, ƙunshin naman suna a hannu. Ni na fito taryar ta, Kalla kuma na tsaye da tsohuwar hular gadinsa yana duba aiki.

"Kai, tobashi!" in ji ta. "Yau kam ka yi abin kai. Ashe zaman Keita bai tahi a banza ba. Ina kunka samo duwatsu masu kyau haka?"

Kalla ya ce, "Harkar maza ce."

Ta yi taki biyar tana yabawa. A na shida ta tsaya. Ta sunkuya kan wani dutse mai faɗi, mai tsagi a gefe, ta kankare farar ƙasar da farce.

"Wanga na san shi," in ji ta. "Shi ya cire mini farcen babban yatsa bara waccan. Layi na uku yake, kusa da sabara." Ta dubi na gaba da shi. "Wanga kuma Fatsima ta ɗauko shi tana da cikin wata bakwai."

Ta ɗaga kai ta dubi fako. Babu komai a kai.

Da ta yi ihu da mun samu sauƙi. Ba ta yi ba. Ta miƙa mini ƙunshin nama, ta gyara gammo a ƙugu. Ana haka Hulda ta iso kan baburinta don ta riga baƙi, ta ji abin da ya faru, ta zauna kan ɗaya daga cikin duwatsun. Da ta tashi rabin zanenta fari ne.

Sai a lokacin Kalla ya gane abin da ya aikata, amma mutum ne da ba ya rasa dabara, ko da ta banza ce. "A tsare su da abinci," in ji shi. "Rago biyu ne, ga fura, ga jawabi. In rana ta take, baƙon ƙetare ba ya hawan tudu. In sun matsa, a zaga da su jerin maƙwabtanmu na ƙauyen Gidan Ango. Dutse ai duk dutse ne."

Hulda ta ce, "Malam Kalla, bakina za a ara a yi maganar, ni kuwa ba ni fassara ƙarya."

Ba a rufe baki ba sai ga motoci biyu. Kalla ya ruga ya ƙame ya sara wa wani ƙaton mutum mai tumbi da ya fara fitowa. Direba ne. Babban baƙon da anka shafe duwatsu dominsa ashe wata 'yar tsamurarriyar mata ce mai furfura, da takalmin roba da gorar ruwa a rataye. Madam kawai muke ce mata, sunanta ya fi ƙarfin harshena. Tare da ita akwai injiniya ɗan Tawa, matashi, da takarda a naɗe a hammata. Madam ta ratsa tsakanin fararen duwatsun nan ko kallonsu ba ta yi ba. Ta gaida maigari, ta sha ruwa. Kalla ya gyara murya zai soma jawabi, ta ce wa Hulda, "Ina shugabar ƙungiya?"

Saude ta fito tsakiyar fili.

"Hulda, gaya mata yadda na faɗa, kar ki sa masa zuma. Aikin da ta taho gani, ta riga ta wuce ta tsakiyarsa da mota. Mazanmu sun kwashe shi sun yi mata kwalliya da shi."

Hulda ta fassara. Can bayan fada ragon da ba a kai ga yankawa ba ya yi kuka. Madam ta waiwaya ta dubi hanya, ta dubi Kalla, ta tambayi dalili.

Kalla ya ce, "Girmamawa," da wata 'yar murya da ban taɓa sanin yana da ita ba.

Injiniya ya yi murmushi, ya ce da Hausa, "Inna, mun sha ji. Wani gari akuya ta ci aikin, wani gari ruwa ya tahi da shi. Yau kuma an shafe shi da farar ƙasa."

Saude ta dube shi tun daga takalmi har hula. "Ɗana, ƙafafun ga naka na aiki? To biyo ni."

Haka munka hau fako da tsakar rana, gari duka, rago na jira. Abin da munka tarar ni kaina ban taɓa lura da shi ba, don kullum duwatsu ke rufe shi. Duk inda jeri ya kwanta, ramukan mazaunin duwatsu na nan a jere kamar dasashin tsohuwa, irin nawa. A bayan kowane layi kuwa ƙasa ce ta taru, lallausa, baƙa-baƙa, ta yi tudu kamar matakala, har goma sha ɗaya. Saude ta karɓi sandar maigari ta miƙa wa injiniya.

"Buga nan."

Ya buga kan fako, sanda ta yi tsalle.

"To soka nan."

Ya soka a bayan layi, sanda ta nutse fiye da taƙi ɗaya. Ya zare, ya sake sokawa gaba, ta sake nutsewa. Murmushin nan ya tafi inda ya fito.

Madam ta durƙusa, ta sa hannu biyu tana tona kamar mai neman gujiya. Ta fito da saiwoyin ciyawa, da kashin awaki da ya ruɓe, ta gano wasu 'yan bagaruwa da sunka tsiro ba wanda ya shuka su. Ta daɗe a durƙushe. Da ta miƙe ta yi magana mai tsawo, Hulda na fassarawa. Ta ce an sha kai ta ganin jerin duwatsu masu kyau waɗanda anka jera ana saura mako ta zo, in ta leƙa bayansu babu ko cikin cokali na ƙasa. Dutse kowa na iya jera shi cikin mako. Wannan ƙasar kuwa ruwan sama kaɗai ke iya ajiye ta, kuma ba a damina ɗaya ba. Ta ce yau ne karo na farko da anka ɗaga mata murfi ta ga abin da ke cikin tukunya.

Guɗa ta tashi. Ni na fara, ba na ɓoyewa.

Saude ba ta yi guɗa ba. Ta ce wa injiniya ya nuna mata inda zai toshe kwazazzabo. Ya warware takarda. Ta ce ita ba ta san takarda ba, ya kai ta wurin da ƙafa. Ya kai ta dab da rijiya.

"Ba nan ba," in ji ta.

"Inna, an auna."

"Ka taɓa tsayawa nan ana ruwa?"

"A'a."

"Ni shekara ashirin da biyar ina tsayawa. In ruwa kaɗan ne, nan yake bi. In ya yi yawa, can wurin jan dutse yake rabuwa biyu, rabi ya zaga ta baya. Ka toshe nan, ya kewaye bangonka ya ci rijiya ta ƙeya."

Ta ja shi har bayan jan dutse, ta nuna masa karare da tsummoki da ruwan bara ya maƙale a kan ƙaya, daidai ƙirjinsa. Yaron kirki ne, Allah ya sani. Ya tsaya ya duba, ya ciro alƙalami ya gyara takardarsa a gabanmu, ya ce, "Inna, in na dawo ke za ki riƙe mini igiyar awo." Madam ta ce a rubuta cewa wurin toshewa sai injiniya da Ƙungiyar Gammo sun yarda tare, shi ya sa hannu, Saude ta dangwala yatsa.

Saura magana ɗaya, Saude ce kuma ta tashe ta. Ta nuna gabas, inda gajimare ya soma haɗuwa. In ruwan farko ya sauka duwatsu na can bakin hanya suna kwalliya, ƙasar damina biyu za ta gangara cikin yini ɗaya, ta bi kwazazzabo, ta yiwu har da rijiya, sai kamiyo ya zo ya tarar babu abin tsarewa.

Maigari Idris ya tsufa a lokacin, amma bai manta komai ba. Ya karɓi sandarsa, ya dubi Kalla, ya ce, "Kowane dutse a maida shi inda anka ɗauko shi. Wanda ya sauko da shi, shi zai hau da shi."

Kalla ya ce a ɗauro amalanke. Saude ta ce ƙafar amalanke ba za ta sake taka mata ƙasa ba, da ka za a ɗauka. Madam ta tambayi mene ne abin nan da ke soke a ƙugun Saude. Anka gaya mata. Ta ara, ta ɗora a furfurarta, ta ɗauki wani ɗan dutse da bai fi tulun yara ba, ta hau da shi tana tangaɗi. Bayan wannan wane namiji zai ce wuyansa na ciwo? Mazan da sunka ga Abijan da Legas sunka bi mu gida gida suna aron gammo. Mun ba su, amma kowane gammo da maganar da ta raka shi.

Kwana huɗu anka yi. Kwana ukun farko Saude na kan fako tana nuna wa kowane dutse mazauninsa, mu ma mun sa hannu, don hadari ba ya jiran a gama horon maza. A rana ta huɗu, da ta ga saura kaɗan, ta aika a kawo mata tabarma. Ta shimfiɗa gindin aduwar nan, ta ɗora shayi, ita da ko shan shayi ba ta yi. Kalla ya taho yana nishi da dutse mai tsagi a ka, farar ƙasa ta gangaro masa har gemu. Ta ɗaga kofi.

"Sannu da aiki, tobashi. Aje shi a hankali, kar ya farka."

Washegari da la'asar ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Ta kifa ƙwaryarta ta hau. Ta dawo ta leƙo ta kan katanga ta ce, "Nasiba, sun riƙe."

Bayan girbi kamiyo ya zo da ragar waya, anka toshe kwazazzabo a wurin jan dutse, Saude na riƙe da igiyar awo tana yi wa injiniya faɗa kamar ɗan cikinta. Taki ashirin da huɗun nan bai ragu da ko ɗaya ba. Cikin damina biyu yashi ya cike ramin har ana shuka kubewa a kai. Farar ƙasar kuwa ta daɗe ba ta wanke ba, tun daga hanyar Babankatami ana hango layukanmu fari fat a jikin tudu. Garuruwan kewaye sunka ce lalle sharaɗin banki ne, sunka shiga shafe nasu. Shekara guda Hulda ta yi tana yawo kan babur tana rantsuwa cewa banki bai ce a yi wa dutse kwalliya ba.

A kakar 1997 munka yi walima a bakin rijiya. Hulda ta zo, injiniya ya zo da amaryarsa, Madam ta aiko da gaisuwa da hoton kanta da gammo a ka. Ana cikin cin tuwo Kalla ya miƙe ya ce shi yana da magana. Ya ce a yi adalci. Da bai kwashe duwatsun nan ba, da Madam ba ta ga ƙasar da ke bayansu ba, da ta ɗauka irin jerin mako guda ne, da babu kamiyo, da yanzu muna hanyar Garhanga da tuluna. Saboda haka rijiyar ga, in ana son gaskiya, shi ya tsirar da ita.

Wasu maza sunka ce wallahi akwai ƙamshin gaskiya. Mata sunka taso da hayaniya. Fatsima ta ce a dawo mata da gammonta da ya ɓatar tukuna. Baraka ya ce shi ba ya shiga tsakanin tobasai. Gardama ta yi zafi har tuwo ya soma sanyi, maigari na ta buga sanda ba mai ji.

Saude na zaune a bakin rijiya tana suɗe yatsa. Da ta gama ta ɗaga hannu, anka yi shiru.

"Gaskiya ce, tobashi, ka taimaka, kuma za a yaba maka," in ji ta. "Amma a bi layi. Jakinka ya riga ka. Shi ya fara nuna wa garin ga cewa jerina yana tare duk abin da ya gangaro daga tudu."